Yadda za a bi labarai da harkokin jama'a ba tare da rasa natsuwa ba

A da, labari yana da lokacinsa. Jarida takan fito da safe, gidan rediyo yakan karanta labarai a sa'o'in da kowa ya sani, idan an gama kuwa sai kowa ya kama gabansa. Yanzu wayar da ke aljihun mutum ta rushe wannan iyaka. Yaƙi a wata nahiya, ambaliya a wata ƙasa, tsadar rayuwa, rikicin zaɓe, hoton gawa da muryar mai kuka, duk suna iske shi a kan gadonsa tun kafin ya wanke fuska, kuma ba sa rabuwa da shi har ya koma ya kwanta. Mutane da yawa da suka gaji da wannan hali sun zaɓi su toshe kunne gaba ɗaya. Cibiyar Reuters mai nazarin aikin jarida da ke Jami'ar Oxford, wadda ke tambayar dubban mutane a ƙasashe da dama kowace shekara, ta gano cewa masu kauce wa labarai da gangan, ko a kai a kai ko jefi-jefi, sun ƙaru daga kashi 29 cikin ɗari a 2017 zuwa kashi 39 a 2024.

Ina ganin uzurinsu, amma ban yarda toshe kunne mafita ba ce. Dokokin da za su shafi sana'ar mutum, da makarantar 'ya'yansa, da asibitin da za a kai shi ranar da ciwo ya kama shi, za a zartar da su ko ya ji ko bai ji ba, kuma duk lokacin da masu hankali suka janye jikinsu, fili yakan koma hannun masu ƙarfin murya. Abin da nake gani shi ne, yawancin damuwar da labarai ke jawowa tana fitowa ne daga tazarar da ke tsakanin ɗimbin abin da mutum ke ji da ɗan abin da yake iya yi a kai. Saboda haka gyaran ta fuska biyu yake zuwa: a rage abin da ke shigowa har ya zama gwargwadon abin da zuciya za ta iya ɗauka, sannan a samar wa damuwar da ta rage aikin yi.

Abin da labari ke yi wa jiki

Idan mutum ya ga haɗari, jikinsa yakan saki sinadarai irin su adirenalin da kotizol, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya gajarta, jijiyoyi su ɗaure, domin ya samu ƙarfin gudu ko kare kansa. An halicci wannan shiri ne don haɗarin da ke zuwa ya wuce cikin ɗan lokaci. Matsalar ita ce jiki ba ya rarrabewa sosai tsakanin abin da ke gaban ido da abin da ke kan allon waya, don haka wanda ke kallon tashin hankali daga safe har dare yana riƙe jikinsa cikin shirin gudu alhali yana zaune wuri ɗaya. Daga nan ne ake samun rashin barci, ciwon kai, saurin fushi, kasa mai da hankali ga aiki, da wata irin gajiya da kwanciya ba ta kawar da ita.

Akwai binciken da ya nuna girman abin ƙarara. Bayan harin bam da aka kai wurin gasar gudun fanfalaki ta birnin Boston a Amurka a watan Afrilun 2013, masu bincike daga Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine sun tambayi mutane sama da 4,000 halin da suke ciki. Sun tarar cewa waɗanda suka riƙa bin labarin harin na sa'o'i shida ko fiye a kowace rana, a makon da ya biyo baya, sun nuna alamun firgici fiye da waɗanda abin ya faru a gabansu ko ya shafi na kusa da su. Dalili ɗaya da ake bayarwa shi ne, wanda yake wurin ya ga abin sau ɗaya ya ƙare, mai kallo kuwa ana ta maimaita masa fashewar, kuma a wurinsa ba ta taɓa ƙarewa ba. Tun kafin wannan, a 1997, wasu masana halayyar ɗan Adam a Birtaniya sun nuna wa mutane shirin labaran talabijin na minti 14 kacal, kuma waɗanda aka nuna wa mai cike da munanan labarai sun tashi da ƙarin fargaba, har ma suka riƙa kambama matsalolinsu na gida waɗanda ba su da wata alaƙa da abin da suka kalla. Wannan na biyun ya fi ba ni tsoro, domin yana nufin mutum zai iya yi wa iyalinsa tsawa da dare bai san cewa tushen fushin kanun labarin da ya gani da rana ba ne.

Ya kamata kuma a san cewa abin da ke iso mana zaɓaɓɓe ne. Mugun abu yakan faru farat ɗaya, don haka yana da ranar da za a ba da labarinsa. Alheri kuwa yakan taru a hankali cikin shekaru, ba shi da takamaimiyar rana. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa yaran da ke mutuwa kafin su kai shekara biyar sun ragu daga sama da miliyan 12 a 1990 zuwa ƙasa da miliyan 5 a 2022, amma babu wata safiya da aka wayi gari wannan ya zama labari da ɗumi-ɗumi. Ga kuma kasuwa: wani nazari da aka buga a 2023, wanda ya duba kanun labarai kusan 105,000 da wani shafin intanet ya gwada a kan masu karatunsa, ya gano cewa kowace kalma mai ɗaci da aka ƙara a kan labari tana ƙara yawan masu latsa shi da kimanin kashi 2.3 cikin ɗari. Kafafen sada zumunta kuwa suna cin riba ne da tsawon lokacin da mutum ya ɓata a kansu, kuma babu abin da ke riƙe ido kamar fushi da tsoro. Faɗin haka ba ya nufin munanan labaran ƙarya ne. Yawancinsu gaskiya ne, sai dai ba su ne duniyar gaba ɗaya ba, kuma wanda ya riƙe wannan a ransa yana karatu da ido daban.

A yanka wa labari lokaci

Mataki na farko, wanda ya fi kowane sauƙin faɗa da wuyar aikatawa, shi ne mutum ya zama shi ke zuwa wurin labari, ba labari ke faɗo masa ba. A farkon annobar korona, cikin watan Maris na 2020, Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci masu jin fargaba da su nemi bayani a ƙayyadaddun lokuta, sau ɗaya ko biyu a rana, daga majiyoyin da aka amince da su. Shawarar ba ta tsufa ba. A zaɓi lokaci biyu, misali da hantsi bayan an fara aikin rana, da kuma yamma kafin a zauna da iyali, a ba kowanne minti ashirin zuwa talatin, a saita agogo idan ya kama. Wanda ya gwada haka zai yi mamakin ganin cewa kusan babu wani muhimmin abu da ya wuce shi, domin yawancin abin da ake kira sabon bayani a tsawon yini maimaicin na safe ne da aka sauya wa kalmomi.

Akwai kuma wasu lokuta biyu da ya kamata a kare su daga labarai da ƙarfi: farkon tashi daga barci da sa'ar ƙarshe kafin kwanciya. Abin da mutum ya fara gani da safe yakan rina masa yininsa, abin da ya gani daga ƙarshe kuwa shi zuciya ke ta juyawa a cikin duhu. Hanya mafi inganci ita ce a bar waya tana caji a wani ɗaki, ko aƙalla nesa da inda hannu zai kai daga kan gado. Sannan a shiga saitin waya a kashe sanarwar da manhajojin labarai da na sada zumunta ke turowa, a bar kira da saƙon mutanen da suka zama dole. Kada a dogara da ƙarfin zuciya kaɗai, domin manhajojin nan ƙwararru ne suka tsara su don su rinjayi ƙarfin zuciya. Gara a cire manhajar da ta fi cin lokaci daga fuskar waya, ko a goge ta a riƙa shiga ta kwamfuta, yadda sai mutum ya yi niyya kafin ya kai gare ta.

Siffar da labari ya zo da ita ma tana da tasiri. Karanta rahoton cewa an kashe mutane daban yake da kallon bidiyon kisan. Rubutu yana ba da bayani ya bar wa mai karatu ikon tsayawa ya yi tunani, bidiyo kuwa yakan shiga ƙwaƙwalwa ya zauna, ya riƙa dawowa ba tare da an gayyace shi ba. A kashe saitin da ke sa bidiyo ya fara da kansa, a hana manhajar saƙonni sauke hotuna kai tsaye, kuma idan wani ya saba turo hotunan gawarwaki a zauren dangi ko na abokai, a gaya masa cikin ladabi ya daina. Wasu na ganin kallon irin waɗannan hotuna wani nau'i ne na tausaya wa waɗanda abin ya shafa. Ni ban ga abin da kallo na goma ya ƙara wa mamaci ko iyalinsa ba, kuma sau da yawa yaɗa hoton keta mutuncinsu ne.

Daga bakin wa ake ji

Ba a buƙatar majiya ashirin. Biyu ko uku sun isa, muddin suna da wakilan da ke zuwa inda abu ya faru, suna bayyana sunan wanda ya rubuta rahoto, kuma suna fitowa fili su gyara idan sun yi kuskure. Wannan alama ta ƙarshe ita ce mafi amfani wajen tantancewa, domin kafar da ba a taɓa jin ta ce ta yi kuskure ba, ba don ba ta yi ba ne. Yana da kyau a haɗa da aƙalla kafa ɗaya mai kawo labarin yankin da mutum yake zaune, tun da a nan ne hannunsa ya fi kaiwa, da kuma ɗaya wadda ra'ayinta ya saɓa da nasa amma tana girmama gaskiya. A kuma koyi rarrabe rahoto da sharhi. Rahoto yana faɗin abin da ya faru, sharhi yana faɗin yadda ya kamata a ji game da shi, kuma mafi yawan abin da ke tayar da hankali a intanet sharhi ne a kan sharhi, wanda ainihin labarin da ke ƙarƙashinsa bai wuce layi uku ba.

Labari da ɗumi-ɗuminsa shi ne mafi rauni. A sa'o'in farko bayan hari ko haɗari, adadin mamata yakan sauya sau da yawa, akan ambaci sunan wanda ba shi da laifi, akan ɗauko tsohon hoto daga wata ƙasa a liƙa wa sabon lamari. Wanda ya jira zuwa washegari yakan samu bayani mafi inganci cikin ɗan lokaci, kuma ya tsira daga fargabar abubuwan da daga baya aka gano ba su faru ba. Dogon rahoto guda ɗaya a ƙarshen mako, wanda ya bayyana asalin rikici da waɗanda ke cikinsa da abin da kowane ɓangare ke nema, ya fi gutsattsarin labari ɗari ilimantarwa, kuma fahimta ita kanta tana rage tsoro, domin abin da mutum ya san kansa da gindinsa ba ya firgita shi kamar wanda ya faɗo masa daga sama.

Game da jita-jita, akwai abin da ya kamata kowa ya sani. Masu bincike a MIT, wata jami'ar kimiyya da fasaha ta Amurka, sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da aka yaɗa a Twitter tsakanin 2006 da 2017, suka buga sakamakon a 2018. Sun gano cewa yiwuwar a sake yaɗa labarin ƙarya ta fi ta na gaskiya da kashi 70 cikin ɗari, kuma na gaskiya yakan ɗauki ninki shida na lokacin da na ƙarya ke ɗauka kafin ya kai ga mutum 1,500. Sun kuma nuna cewa mutane ne suka fi yin wannan aiki, ba asusun da kwamfuta ke sarrafawa ba, saboda ƙarya takan zo da sabon abu mai ban mamaki ko ban ƙyama. Darasin a aikace shi ne, duk saƙon da ya sa jini ya hau nan take, ko ya ce a yi maza a tura wa kowa, shi ne ya fi cancantar a dakata a kansa. A duba kwanan wata. A nemi labarin a wata kafa mai zaman kanta maimakon a tsaya ana nazarin saƙon shi kaɗai, wanda shi ne abin da ƙwararrun masu tantance labarai ke yi. Idan hoto ne, a saka shi a manhajar binciken hoto irin su Google Lens ko TinEye a ga inda ya fara bayyana. Idan ba a samu tabbaci ba, a bar shi ya mutu a hannu. Ƙin tura abin da ba a tabbatar ba shi kansa hidima ce ga jama'a, kuma ba ya cin ko sisi.

Samar wa damuwa aikin yi

Rage sauraro rabin magani ne kawai. Damuwa saƙo ce da ke cewa wani abu da mutum yake ƙauna yana cikin haɗari, kuma idan ba a amsa mata da aiki ba sai ta koma ciki ta riƙa cin mai ita. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa wanda ya sha fuskantar abin da ba shi da iko a kansa yakan kai matsayin da zai daina ƙoƙari ko a inda ƙoƙarin zai yi amfani. Haka bin labarai ba tare da aiki ba yake horar da mutum, a hankali, ya yarda cewa babu abin da zai iya.

Saboda haka, a gaban kowane labari mai tayar da hankali, mutum ya tambayi kansa: shin akwai abin da zan yi game da wannan a yau ko a wannan mako? Idan akwai, ya rubuta shi ya sa masa rana. Idan babu, ya sani ya wuce, ba tare da ya zargi kansa da rashin tausayi ba. Babu wanda aka ɗora wa nauyin dukan duniya. Abin da ya fi dacewa shi ne a zaɓi al'amari ɗaya ko biyu da suka fi taɓa zuciya, ko ilimin yara ne, ko ruwan sha, ko haƙƙin ma'aikata, ko taimakon 'yan gudun hijira, ko sa ido kan yadda ake kashe kuɗin jama'a, a zurfafa sani a kansu har mutum ya san dokokin da suka shafe su, da hukumomin da ke da alhaki, da ƙungiyoyin da suka riga shi fara aikin. Sauran al'amura a bar su ga waɗanda suka zaɓe su, tare da yarda cewa akwai su, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Aikin kuwa ya zama na zahiri, wanda ake iya nunawa a ce ga shi. Tabbatar da cewa suna yana cikin rajistar masu zaɓe tun kafin a rufe, da sanin ranakun zaɓe har da na ƙananan mukamai waɗanda mutane kan yi wa riƙon sakainar kashi alhali su suka fi kusa da rayuwar yau da kullum. Sanin sunan wakilin da ke magana da yawun mutum a majalisa, da rubuta masa takarda gajera a kan batu guda, mai ɗauke da buƙata bayyananniya. Halartar taron iyaye da malamai, ko zaman jin ra'ayin jama'a, ko taron ƙungiyar sana'a. Ba da jini, ko sa'o'i biyu na aikin sa kai a mako, ko wani ƙayyadadden abu daga aljihu kowane wata ga ƙungiyar da aka bincika aka gamsu da amanarta. Ƙaramin abu da ake yi a kai a kai ya fi babban yunƙuri na rana ɗaya, ga jama'a da kuma ga mai yin, saboda shi ne ke sa mutum ya kwanta da sanin cewa ya sauke nasa kason.

A nan dole a faɗi wata gaskiya mai ɗaci: yawancin abin da muke ɗauka shiga harkar jama'a ne a intanet, kallo ne kawai da ihu. Mutum zai kwashe sa'o'i uku yana musu da baƙon da bai taɓa gani ba, ya tashi jikinsa na rawa, yana jin kamar ya yi wani aiki, alhali ra'ayin kowa bai sauya ba kuma ko kwabo bai kai ga mabuƙaci ba. Ba na raina rubutu a kafafen sada zumunta, domin ya sha tona asirin zalunci ya kuma tara taimako cikin gaggawa. Ma'aunin shi ne a tambaya ko rubutun yana kai wani ga aikata wani abu, ko kuwa huce haushi ne kawai. Idan na biyun ne, sa'o'in nan uku sun fi amfani a wani wurin.

Tarihin gwagwarmaya ma yana koyar da haƙuri da rabon aiki. Lokacin da baƙaƙen fatar birnin Montgomery a jihar Alabama ta Amurka suka ƙaurace wa motocin bas a watan Disamban 1955, bayan kama Rosa Parks saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera, ƙauracewar ta ɗauki kwana 381 kafin a kawo ƙarshen wariya a motocin. Ana yawan tuna jawaban Martin Luther King, jagoran ƙauracewar, amma abin da ya riƙe tafiyar fiye da shekara shi ne ɗaruruwan mutanen da ba a san sunansu ba: masu motocin da suka tsara jigilar ma'aikata kowace safiya, matan da suka riƙa dafa abinci suna sayarwa don tara kuɗin mai, lauyoyin da suka kai ƙara har Kotun Ƙoli, da dubban da suka taka da ƙafa zuwa wurin aiki cikin sanyi da zafi. Kowa ya riƙe ɓangare ɗaya da zai iya ɗorewa a kai. Da a ce kowannensu ya ƙone ƙarfinsa a makon farko, da ba a kai wata na biyu ba. Shi ya sa shiga ƙungiya ya fi aiki shi kaɗai: ranar da mutum ya gaji akwai mai karɓarsa, kuma zama da masu damuwa iri ɗaya da tasa, ido da ido, yana cire masa jin cewa shi kaɗai ne ya ga abin da ke faruwa.

Cikin gida da tsakanin abokai

Saɓanin siyasa ya raba zumunci da yawa da bai kamata ya raba ba. Ba dole ne a amsa kowace magana ba, kuma mutum yana da damar cewa yau ba ya son wannan zance, a koma wani. Idan za a tattauna, a yi shi baki da baki ko ta kira, ba a zauren da mutum hamsin ke kallo ba, domin a gaban jama'a kowa yana kare girmansa ne, ba gaskiya yake nema ba. Tambayar mutum yadda aka yi ya kai ga ra'ayinsa ta fi jefa masa hujja buɗe ƙofa. Yara kuma suna ji fiye da yadda ake zato. Kada a bar talabijin yana ta maimaita tashin hankali a inda suke, kuma idan sun yi tambaya a ba su amsa ta gaskiya, gajera, daidai da shekarunsu, tare da gaya musu waɗanda ke aikin taimako da abin da aka tanada don kare su.

Idan labarin na mutum ne

Duk abin da aka faɗa a sama ya fi sauƙi ga wanda ke kallo daga nesa. Wanda danginsa ke cikin garin da ake yaƙi, ko wanda wata doka da ake muhawara a kanta za ta iya raba shi da aikinsa ko matsuguninsa, ba za a ce masa ya duba labari sau biyu a rana ya manta ba, kuma rashin adalci ne a yi masa wa'azin kwantar da hankali. Duk da haka akwai abin da zai rage masa nauyi. Ya ware bayanin da ke da amfani ga tsaro da yanke shawara, kamar sanarwar hukuma, halin hanyoyi, da saƙon 'yan'uwa, daga sharhi da hotunan da ba sa ƙara masa komai sai raɗaɗi. 'Yan'uwa su tsayar da lokacin da za su riƙa jin juna, yadda shiru na sa'a biyu ba zai zama abin firgita ba. Su riƙa karɓa-karɓa wajen sa ido, ɗaya ya kwanta ɗaya ya kula, bisa alkawarin cewa za a tashe shi idan wani abu ya taso. Ya kuma rubuta shirin abin da zai yi idan abin da ake tsoro ya auku: wa zai kira, waɗanne takardu zai buƙata, ina za a haɗu. Tsoron da aka mayar shiri a takarda ba ya yawo a kai kamar wanda aka bari haka nan.

Hutu ba cin amanar waɗanda ke wahala ba ne. Mutumin da bai yi barci ba yakan yanke shawara marar kyau, yakan yarda da jita-jita cikin sauƙi, kuma shi ne farkon wanda zai watsar da aikin. Baligi yana buƙatar barcin sa'o'i bakwai ko fiye, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, wanda tafiya da sauri ta rabin sa'a a kwana biyar ta cika shi. Motsi yana ƙone shirin gudun nan da labari ya tayar a jiki. Idan zuciya ta fara bugawa bayan an karanta wani abu, a ajiye wayar, a ja numfashi a hankali a fitar da shi a hankali fiye da yadda aka ja, a maimaita na 'yan mintuna kafin a ce komai ko a rubuta komai. Mai ibada ya riƙe lokutan ibadarsa ba tare da waya a kusa ba, kuma kowa ya ware yini ɗaya a mako, ko rabinsa, da ba zai buɗe labarai ba sam, bayan ya roƙi wani amintacce ya sanar da shi idan wani abu na gaggawa ya faru.

Akwai kuma matsayin da waɗannan dabaru ba sa isa. Idan rashin barci, ko baƙin ciki, ko fargaba sun kai mako biyu suna hana mutum aiki da cin abinci da hulɗa da iyalinsa, ko hotunan da ya gani suna dawo masa a farke da cikin mafarki, ko ya fara dogara da ƙwaya ko wani abin maye don ya samu sauƙi, to lokaci ya yi da zai ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ya gaya masa dalla-dalla yawan labaran da yake bi da irinsu. Wanda ya taɓa tsira daga yaƙi ko hari ko wani bala'i ya fi kowa buƙatar kula da wannan, domin sabon labari yakan fama tsohon rauni. Idan kuwa tunanin cutar da kai ko na barin duniya ya fara zuwa, kada a jira mako biyun: a gaya wa wani na kusa a ranar, a tafi asibiti tare.